Hoton gini kafin a yi ginin

A yau, idan wani furoje ko ma'aikatar magajin gari za su gina aji, ko ɗakin shan magani, ko bankin cimaka, sau da yawa akan kawo wa mutanen gari hoton ginin tun ba a haƙa tushe ba. Hoton yakan yi kyau: ga bango sumul, ga itatuwa, ga mutane suna shiga suna fita. Wanda bai sani ba sai ya zaci a wani gari aka riga aka yi ginin, aka ɗauko hotonsa. Alhali ko tubali ɗaya ba a aza ba. A cikin kwamfuta aka haɗa shi. Wannan shafi zai bayyana yadda ake haɗa irin wannan hoto, domin ƴan kwamitin gari na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, a jihar Maraɗi, su iya karanta shi kafin su ba da fili, ko ƙarfinsu, ko kuɗin gudummawa.

Zanen gini da kwamfuta

Da can, mai zanen gini da takarda da fensir da ma'auni yake aiki. Yanzu akwai manhaja, wato tsarin aikin da ake sa wa kwamfuta, wadda aka yi musamman don zanen gidaje da injuna da kayan aiki. Masu Faransanci suna taƙaita sunan wannan aiki da CAO ko DAO, masu Ingilishi kuma da CAD. Wani ɗalibi a Amurka mai suna Ivan Sutherland ya nuna farkon irinta a 1963. AutoCAD, wadda ta fi shahara, ta fito a 1982, SketchUp kuma a 2000. Akwai waɗanda ake samu kyauta, kamar Blender da FreeCAD.

Abin da mai zane yake fara yi shi ne ƙashin ginin. Yakan shigar da awo: tsawon ɗaki, faɗinsa, tsayin bango, wurin ƙofa da taga. Kwamfuta sai ta tsayar da siffar a kan allonta, ana iya juya ta a duba gaba da baya da sama. A wannan mataki ginin ba ya da launi. Ya yi kama da dirkokin rumfa da aka kafa ba a ɗora zana ba. Magini zai gane shi, amma sauran jama'a da wuya su gane. Shi ya sa ake ƙara abu uku: tufa, da labulen baya, da haske.

Tufar bango

Abin da muke kira tufa a nan ƙaramin hoto ne na fuskar wani abu, kamar yaɓen laka, ko bulon siminti, ko kwanon rufi, ko zana, ko yashi. Mai zane yakan ɗauki hoton ya lulluɓa wa bango, kamar yadda ake ɗaura wa mutum zane. Edwin Catmull, wani masanin kwamfuta na Amurka, ya fito da wannan dabara a 1974. Da yake hoton ƙarami ne, kwamfuta takan maimaita shi gefe da gefe har ya rufe bangon duka, kamar yadda fure ɗaya yake maimaituwa a turmin atamfa. Ban da launi, akan faɗa wa kwamfuta ko abin yana da kaushi ko santsi, yana ƙyalli ko ba ya yi. Sabon kwano yana ƙyalli, bangon laka kuwa yana shanye haske.

Manhajojin nan suna zuwa da tarin tufafi na shirye, amma yawancinsu na kayan ginin Turai da Amurka ne: jan bulo gasasshe, katako mai sheƙi, ciyawa kore shar. Mai zane da yake zaune a ofis, yana sauri, sai ya ɗauki wanda ya fi kusa da hannunsa. Nan matsala take farawa, domin ƙasar gini ba ɗaya ba ce ko a cikin gunduma guda. Laƙar fadamar Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri da Gidan Rumji, ta bambanta da ƙasar jigawa mai yashi. Abin da ya dace shi ne a je garin, a ɗauki hoton bango na gaske wanda aka yi da ƙasar da za a yi aiki da ita. A tsaya daidai gaban bangon, kada a karkace. A ɗauka lokacin da rana ba ta dukansa, don kada inuwa ta shiga cikin tufar. A jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a jikinsa domin a san girman abin da aka ɗauka.

Maganar sandar nan tana da muhimmanci ƙwarai, don ta wajen girman tufa ne hoto ya fi ruɗin ido. Bulon siminti da aka saba da shi a Nijar tsawonsa santimita 40 ne, tsayinsa santimita 20. Ke nan bango mai tsayin mita 3 zai ɗauki jeri 14 ko 15. Idan mai zane ya ƙanƙanta tufar, ko da kuskure ko da gangan, sai a ga jeri 25 a bangon nan, ido kuma ya ɗauka ginin ƙato ne. Duk wanda ya iya ƙirga zai iya gano wannan: ya sa yatsa a kan hoton ya ƙirga jerin bulo daga ƙasa zuwa rufi. Ya kuma duba mutanen da aka sa a ciki. Tsayin ƙofar ɗaki wajen mita 2 ne. In an ga namiji baligi tsaye a bakinta kansa bai wuce rabinta ba, to an rage mutumin ne don ginin ya ƙara girma.

Labulen baya

Kowa ya san labulen da mai hoto yake ratayawa a shagonsa, mai zanen bene ko teku ko jirgin sama. Mutum ya tsaya gabansa, hoto ya fito kamar ya yi tafiya. Haka kwamfuta take yi wa gini. Akan sa masa hoto a baya da ƙasa a ƙarƙashi, domin kada ya tsaya a sarari kamar yana shawagi. Aiki mai kyau shi ne a ɗauki hoton ainihin filin da za a yi ginin, daga tsayin idon mutum, a rubuta inda aka tsaya da inda aka fuskanta, sannan a daidaita ginin a ciki. Ta haka mutane za su ga ko ya toshe hanyar dabbobi, ko ya matse rijiya, ko sai an sare wata itaciya.

A nan manomi ya fi mai zane sani. Mutanen Ɗan Saga da ƙauyukan kewaye, a gundumar Agye, sun yi suna wajen renon itatuwan da suke tsirowa da kansu a gonaki, aikin da furoje PPILDA na asusun FIDA ya tallafa wa daga 2005. Wanda ya reni itace ya san halinsa. Ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. To idan aka kawo hoto ga gero ya yi kore ya kai ƙugu, ga gawo kuma cike da ganye a tsakiyarsa, an haɗa lokaci biyu ne da ba sa haɗuwa. Haka in an ga itacen da ba a san shi a ƙasar ba a inda ya kamata a ga goruba, ko aduwa, ko kalgo, ko sabara. Wannan ba zai rushe gini ba, amma alama ce cewa mai zanen bai taka filin ba. Wanda bai ga itatuwan wuri ba, da wuya ya san ta inda ruwa yake bi idan an yi sama mai yawa.

Akwai kuma manyan itatuwa masu inuwa da akan jera kewaye da aji ko kasuwa a cikin hoto. Sai a tambaya: suna nan a filin, ko dasawa za a yi? In dasawa ce, wa zai ba su ruwa, wa zai tsare su daga awaki, shekara nawa kuma kafin su yi inuwa?

Haske da inuwa

Kwamfuta tana iya lissafa inda rana za ta kasance a kowace sa'a ta kowane wata, muddin an faɗa mata inda garin yake a duniya da inda arewa take. Wannan yana da amfani na gaske. A ƙasar Maraɗi, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, rana tana ɗan karkata arewa da tsakar rana, sauran watanni kuwa ta kudu take bi. Masu zane suna son hasken safiya ko na la'asar sakaliya, don ya fi ƙawata gini. Ƴan kwamiti su roƙi a nuna musu ginin da azahar a watan Afrilu, su ga ko baranda tana ba da inuwa lokacin da ake bukatarta. Su kuma nemi a juya musu bangon gabas, wanda hadari yake duka, su ji da me za a shafe shi.

Zanen ɓad-da-kama

Akwai wata irin tufa da ake yi don abu ya saje da wurin da yake. Dabarar ba baƙuwa ba ce. Maharbi yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiya irin ta tsuntsun har ya kusanci nama. Sojan Ingila sun fara sa kaki mai launin ƙura a Indiya tun shekarun 1840, sojan Faransa kuma suka kafa rukunin masu zanen ɓad-da-kama a 1915. Zanen yana aiki ta hanya biyu: launinsa ya yi kusa da na wurin, dabbare-dabbarensa kuma ya karya siffar abin, ido ya kasa gane inda ya fara da inda ya ƙare.

A wajen kwamfuta, wannan zane tufa ce kamar kowace. Mai zane yakan tsinci launi uku ko huɗu daga hoton wurin, ya yi dabbare-dabbare da su, ya lulluɓa wa abin, sannan ya gwada shi a gaban labulen baya, daga kusa da daga nesa. Idan dabbaren ya yi ƙanana, daga nesa sai ya narke ya zama launi ɗaya. Idan kuma maimaituwarsa ta fito fili, ido zai kama shi nan da nan. Ana amfani da dabarar a ayyukan da ba na soja ba, kamar bukkar kallon namun daji, ko dogayen ƙarafan eriyar salula da a Amurka da Afirka ta Kudu akan yi wa siffar itace. Wahalarta a ƙasarmu ita ce daji yana da riga biyu. Abin da ya saje da koren Agusta zai fito sarai a cikin farin karan Maris, don haka dole a gwada shi da hoton damina da na rani.

A ganinmu, ginin jama'a ba ya bukatar ɓuya. Ya isa a zaɓa masa launin da ya jitu da gidajen gari. Rijiya, da bakin gada, da ɗakin shan magani, da motar ɗaukar marasa lafiya, so ake a hango su daga nesa. Zane irin na kayan soja kuwa a guje shi sam, a hoto da a zahiri. Gundumar Gidan Rumji ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019 saboda ƴan bindiga. A irin wannan yanki, mota ko rumfa mai zanen soja tana iya jawo wa masu ita mummunar fahimta daga kowane ɓangare.

Amfanin hoton da iyakarsa

Kada wannan bayani ya sa a raina hoton kwamfuta. Yana taimakon wanda bai iya karanta taswira ba ya sa baki a shawara. Mata za su iya cewa ƙofar ɗakin haihuwa ta fuskanci hanya da yawa, a juya ta, tun gyaran bai zama na rushe bango ba. Yana kuma sa a ga darajar kayan gida. Ginin laka mai rufin ƙubba wanda ba ya cin itace, da aka fara koya wa magina a Nijar tun shekarun 1980, ya fi saurin karɓuwa ga wanda ya ga kamanninsa. Masallaci da ɗakin karatu na Dandaji, a jihar Tawa, waɗanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara da tubalin ƙasa, sun sami lambar yabo ta ƙasa da ƙasa a 2017, kafin a kammala aikin a 2018.

Sai dai hoto ba ya nuna zurfin tushe, ko yawan siminti a cikin bulo, ko kaurin ƙarfe da na kwano. Waɗannan suna cikin taswira mai awo da takardar lissafin kaya da kuɗi, su ne kuma ɗan kwangila yake sa wa hannu. Tun wajen 2022 ma an sami manhajojin da suke ƙirƙiro hoton gini daga ƴan kalmomi kawai, ba tare da wani awo a ƙarƙashinsa ba. Saboda haka, idan an kawo hoto a taron gari, a nemi taswirar da aka ciro shi daga gare ta, a sa wanda ya iya karatu ya karanta awon da ƙarfi, a ɗauki igiya da turaku a je filin a auna tsawo da faɗi a gaban kowa. Duk abin da aka gani a hoton, ko katanga ce, ko famfo, ko allon hasken rana a kan rufi, a tambaya ko yana cikin takardar lissafi. Magatakardan kwamiti ya rubuta amsar, ya ajiye ta tare da kwafin hoton har ranar karɓar gini.