Musabbabin Cutar Zaizayewar Rigar Jijiya

Cutar da likitoci ke kira maltiful sikilerosis, ko MS a taƙaice, tana kama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Jijiyoyin da ke kai saƙo a jikinmu suna sanye da wata riga ta kitse, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. A wannan cuta garkuwar jiki ce da kanta ke far wa rigar. Saƙo sai ya yi jinkiri ko ya yanke, har a samu dishi-dishin gani, da sagewar gaɓoɓi, da tangaɗi. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a 1868. Ƙiyasin 2020 ya nuna mutum kusan miliyan 2.8 ne ke fama da ita a duniya. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40.

Ba a gadonta kai tsaye kamar yadda muka san sikila. Abin da ake gāda shi ne sauƙin kamuwa. An gano sauye-sauye fiye da 200 a ƙwayoyin gado masu ƙara haɗarin, akasarinsu na garkuwar jiki. Duk da haka, idan ɗaya daga tagwaye masu kama ɗaya ya kamu, a mafi yawan lokuta ɗan'uwansa ba ya kamuwa. Ke nan gado shi kaɗai bai isa ba.

Hujja mafi ƙarfi, a ganinmu, ita ce ta ƙwayar cutar Epstein-Barr. Binciken jami'ar Harvard na 2022, wanda ya duba bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, ya gano haɗarin yana ninkawa sau 32 bayan ƙwayar ta shiga jiki. Sai dai kusan kowane baligi yana ɗauke da ita, kuma ƙalilan ne ke kamuwa da MS. Shan taba, da ƙiba a ƙuruciya, da ƙarancin bitamin D da fata ke samarwa daga hasken rana, duk suna ƙara haɗarin.

Cutar ta fi yawa a Kanada da arewacin Turai. Ba a cika samunta a ƙasashenmu ba, ko da yake ƙarancin na'urar MRI da likitocin jijiya na iya ɓoye wasu. Muna jan hankalin ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi: matashin da ganinsa ya dushe ko ƙafarsa ta sage, ya warware, sannan abin ya dawo, a tura shi asibitin ƙwararru. Ba sammu ba ne, ba ta yaɗuwa, kuma akwai magungunan da ke rage tasowarta.