Likitan da Ya Zura Roba Har Cikin Zuciyarsa

Abin awon hawan jini da ake ɗaura wa mutum a damtse bai san halin da huhu ke ciki ba. Jinin da ɓangaren dama na zuciya ke turawa huhu yana da tasa hanya da nasa matsi, kuma likitoci sun daɗe ba sa iya ganin ɓarnar hawan jinin huhu sai bayan mai ciwon ya cika. A 1891 Ernst von Romberg ya duba wata gawa a Jamus, ya tarar jijiyoyin huhu sun yi kauri sun ƙanƙance, ya rasa dalili.

Mai rai kuwa, ido da kunne ake sa masa. A duba kumburin ƙafa, a dubi jijiyar wuya ko ta cika, a tambaye shi da matashin kai nawa yake kwana. René Laennec ya ƙara wa kunne ƙarfi a Faris a 1816, ranar da ya naɗe takarda ya ɗora a ƙirjin wata mara lafiya. Daga nan abin sauraron ƙirji ya samo asali.

Wanda ya yi kasadar gaske shi ne Werner Forssmann, matashin likita ɗan shekara 25 a garin Eberswalde. A 1929 ya nemi izinin gwaji, maigidansa ya hana. Sai ya shawo kan wata nas ta buɗe masa kayan tiyata, bisa sharaɗin a kanta za a gwada. Ya ɗaure ta a gadon tiyata, ya juya ya kashe fatar hannunsa da allura, ya yanka jijiya, ya zura robar fitsari. Da ƙafarsa ya taka zuwa ɗakin hoto, ya ƙarasa tura robar, kimanin santimita 60, aka ɗauki hoto ga bakinta a cikin zuciya. Manyansa ba su yaba ba, har ya bar fannin zuciya ya koma likitan mafitsara. André Cournand da Dickinson Richards ne suka ɗauki dabarar a New York suka riƙa auna matsin jinin huhu da ita, su ukun suka raba kyautar Nobel a 1956. Har yau wannan awon ne ke yanke hukunci kan hawan jinin huhu: da can maki 25 ne iyaka, yanzu an sauko da ita zuwa abin da ya haura 20.

Sauran gwaje-gwajen da suka zo daga baya sun rage buƙatar zura roba. A 1953 Inge Edler da Hellmuth Hertz a Suwidin suka aro na'urar gano tsagewar ƙarfe daga ma'aikatar jiragen ruwa, suka haska zuciya da ita, eko ke nan. A 1988 masu bincike a Japan suka gano sinadarin BNP a ƙwaƙwalwar alade, daga baya aka fahimci zuciyar da ta wahala ce ke zuba shi cikin jini.

Mu ma labarin ya biyo ta gida. A shekarun 1970 masu bincike Davidson da Parry sun bi ɗaruruwan masu jego a Zariya da zuciyarsu ta gaza, suka alaƙanta yawan abin da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Don haka mai jegon da ƙafarta ta kumbura, numfashi ke gagararta in ta kwanta, kada a ce gajiyar haihuwa ce. A kai ta asibiti, a nemi a yi mata eko.