Daga Dragon d'Or zuwa Soluxe: Tarihin Akushin Sinawa a Yamai

Duk mai son sanin inda hulɗar Nijar da ƙasar Sin ta kwana, to ya leƙa gidajen abincin Sinawa na birnin Yamai, domin kuwa akushi ba ya ɓoye halin mai gida.

A shekarar 1974 ne ƙasashen biyu suka ƙulla zumunci. Igiyar ta tsinke a 1992, sa'ad da Nijar ta karkata ga Taiwan, kana aka sake ɗaura ta a 1996. Sinawan farko da jama'a suka sani likitoci ne, da masana noman shinkafa, da maginan filin wasa na Seyni Kountché. Gidan abincin da ya yi suna tun kafin zuwan man fetur shi ne Dragon d'Or, daura da Grand Hôtel, kusa da kogin Isa. Can ma'aikatan jakadanci da manyan gari kan haɗu da maraice a kan taliya da soyayyar shinkafa. Tsada gare shi, amma ƙofarsa a buɗe take ga duk mai abin biya.

Al'amura sun sake salo a 2008, lokacin da kamfanin CNPC ya karɓi rijiyoyin Agadem. A 2011 aka buɗe matatar SORAZ a Damagaram, daga bisani aka shimfiɗa bututun da ya ratsa jihar Tahoua zuwa gaɓar tekun Benin. Arzikin mai ya zo da nasa akushin: otel ɗin Soluxe, katafaren gini mai katanga da masu gadi, inda ake girka wa injiniyoyi da shugabannin kamfani abincin gida.

A watan Maris na 2025 ma'aikatar yawon buɗe ido ta janye lasisin Soluxe, bisa zarge-zargen da suka haɗa da nuna wariya. A cikin watan ne kuma aka sallami wasu manyan jami'an Sin uku na ɓangaren mai, bayan taƙaddama kan giɓin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa.

A ƙasar Hausa baƙo ruwa ake fara miƙa masa, kuma ba a cin tuwo a bar na kusa yana kallo. Da wannan ma'auni talaka ke auna kowace yarjejeniya: wa ya zauna a tabarma, wa aka bari a bakin zaure.