Luitpold na Bavariya: shekara 26 yana riƙon ƙwarya bai hau gadon sarauta ba

Tarihinmu na yau ya kai mu Bavariya, wata tsohuwar masarauta a kudancin Jamus mai hedikwata a birnin Munich.

An haifi Yarima Luitpold a 1821, shi ne ɗa namiji na uku ga Sarki Ludwig na ɗaya. Da yake yana da yayye maza biyu, ba a sa masa ran sarauta ba, sai ya shiga soja yana ɗan shekara 14, a rundunar manyan bindigogi. A yaƙin 1866 Bavariya ta goyi bayan Ostiriya a kan Purusiya, babbar daular arewacin Jamus. Luitpold ya jagoranci runduna ta uku, suka sha kashi, ɗansa ma ya ji rauni a fagen fama. A 1869 ya zama babban sufeton sojojin Bavariya.

Da yaƙi ya ɓarke da Faransa a 1870, abokan gaban jiya suka haɗa kai. Luitpold ne ya miƙa wa Sarkin Purusiya, Wilhelm, wasiƙar da ta nemi ya zama sarkin sarakunan Jamus.

A 1886 bashin gina fadoji ya yi wa Sarki Ludwig na biyu, ɗan wan Luitpold, katutu. Ministoci suka samo likitocin da suka ce ya taɓu, ba tare da sun duba shi ba. Ranar 10 ga Yuni aka ɗora wa Luitpold riƙon ƙasa. Bayan kwana uku aka tsinci gawar sarkin a tafkin Starnberg. Sarauta ta koma kan ƙaninsa Otto, wanda shi ma ke fama da taɓin hankali.

Da farko talakawa sun zargi baffan da hannu a mutuwar. Shi kuwa ya bar ministoci su tafiyar da gwamnati, ya riƙa cuɗanya da jama'a, har suka saki jiki da shi. Bai karɓi sunan sarki ba har ya rasu a Disambar 1912, yana da shekara 91.

Ɗansa Ludwig, wanda ya ji rauni a yaƙin nan, bai yi irin wannan haƙuri ba. A 1913 aka gyara kundin tsarin mulki, ya hau gado Otto yana raye. Bayan shekara biyar juyin juya hali ya rushe sarautar baki ɗaya.