Kufai, Tsafi da Ramuwa: Asalin Wani Jigo a Labaran Hausa

A cikin ƙagaggun labaran Hausa akwai wani reshe wanda manazarta ba su cika tsayawa a kansa ba, watau labarin da aka gina bisa wani mugun laifi, kisan kai ko ƙwace ko cin amana, wanda alƙali bai yi hukunci a kansa ba, sa'an nan wanda aka zalunta ya nemi ramuwa ta hanyar tsafi ko iskoki. Galibi akan kai mai karatu wani ƙauye da ya yi nisa da jama'a, a gindin dutse ko a tsakiyar ƙungurmin daji, inda ba a fita bayan almuru. Da yawa daga masu karatu na yanzu sun ɗauka cewa daga finafinan Indiya da na Amurka aka aro wannan salo. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa jigon ya girmi silima a ƙasar Hausa, kuma saiwarsa tana cikin tarihin ƙasar, musamman abin da ya auku a Damagaram da maƙwabtanta daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa farkon mulkin Faransawa.

Ƙasa da kufanta

Wanda yake son ya ga irin wurin da waɗannan labarai suke kwatantawa, to ya dubi ƙasar Kutus, arewa da Gure, inda garin Kelle yake, mazaunin sarautar ƙasar. Duwatsu ne masu shimfiɗaɗɗen kai da kwaruruka a tsakaninsu, daga arewa kuwa sai fili da rairayi har zuwa dutsen Termit. Mazaunan asali Dagra ne, wani reshe na Barebari, tare da makiyaya Fulani da Buzaye da Tubawa, Hausa kuma tana ci a kasuwa. A ƙarni na 19 ƙasar tana tsakanin masu ƙarfi uku: Borno daga kudu maso gabas, Damagaram daga yamma, Abzinawa daga arewa. Ƙauye a irin wannan wuri rayuwarsa tana rataye ne da rijiya. In rijiya ta ƙafe, ko mahara suka faɗa masa, ko fari ya yi tsanani kamar na yunwar 1913 zuwa 1914 wadda Hausawa suka sa wa suna Kakalaba, sai mutane su tashi su bar kufai.

Kufai kuwa ba fili ne kawai ba a wurin Bahaushe. Akwai matacciyar rijiya, da fasassun tukwane, da kaburburan da babu mai ziyara, da kuka ko tsamiyar da aka bari a tsaye. Waɗannan duka wurare ne da al'ada ta ce iskoki suna zama, tare da suri da juji, shi ya sa ake hana yara bi ta wurin da tsakar rana ko da magariba. Saboda haka kowane kufai yana da tarihi biyu, da dalilin da ya tashi mutanensa, da labarin abin da aka ce ya gaje su. Na farkon yakan ɓace bayan tsara biyu ko uku. Na biyun ne yake daɗewa, domin shi ake gaya wa yara da dare.

Game da dalilin tashi akwai shaida a rubuce. Baturen Ingila James Richardson ya sauka Damagaram a watan Janairu na 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya kuwa rubuta yadda sarki yake kai hari ƙauyuka domin kamo bayin da zai biya bashin fatake da su. Ya kuma ambaci wata itaciya a bayan gari inda ake kashe mutane, wadda jama'a ke tsoron kusanta. Bayan haka, a zamanin Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ƙarfin Damagaram ya ƙaru ainun, aka gina ganuwa, aka ƙera igwa, ƙasar Muniyo ta su Gure ta shiga hannunta. Abin tambaya a nan shi ne, idan mai harin shi ne sarki da kansa, wurin wa talaka zai kai ƙara? Abin da ya rage masa biyu ne: ko ya ce "Allah ya isa", watau ya miƙa shari'ar ga Ubangiji, ko kuwa ya nufi boka a yi masa sammu. Labaran ramuwa na Hausa kusan duka suna kai-da-komo ne tsakanin waɗannan hanyoyi biyu.

Ya kamata a lura da wani bambanci. A labaran Turawa mamacin ne yake tasowa ya biɗi jininsa. Bahaushe ya san fatalwa, amma tun da Musulunci ya kafu ba a cika ba ta wannan aiki ba, domin mamaci yana can yana jiran hisabi. Abin da yake bin mai laifi shi ne alhaki, wanda masu iya magana suka ce kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Shekarun 1898 da 1899

Babu wani ƙagaggen labari da ya kai abin da ya faru a waɗannan shekaru biyu ban tsoro, kuma sarƙar ramuwa ce tun daga farkonta. Ran 5 ga Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou da tafintansa Olive a Damagaram bisa umurnin Sarki Amadu Kuran Daga, aka jefa gawarwakinsu cikin rijiya. A farkon 1899 wani babban ayarin soja ya taso daga bakin kogin Kwara ya nufi Tafkin Cadi, ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine. Ayarin ya yi yawa ƙwarai, ga ƴan dako, ga mata, ga dabbobi, ƙasar kuwa ba ta da ruwa da abincin da za su ishe shi. Sai ya koma ciyar da kansa da wuta da takobi. Aka ƙone garuruwa, aka karkashe mutane, aka cika rijiyoyi da gawa. Ran 16 ga Afrilu suka yi karo da Aznan Lugu a ƙasar Arewa, ƙarƙashin Sarauniya Mangu. Aka ci garin, amma Sarauniya da jama'arta suka shige cikin kurmi ba a kama ta ba. A watan Mayu aka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba.

Labarin ta'asar ya isa Paris ta wasiƙar wani hafsa mai suna Péteau, wanda Voulet ya kora daga ayarin. Gwamnatin Faransa ta umurci Kanar Klobb ya bi su ya karɓe ragama. Klobb bai bukaci ɗan jagora ba, toka da gawarwaki su suka nuna masa hanya. Ya cim musu ran 14 ga Yuli a Ɗankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu bayan haka sojojin ayarin suka yi bore suka kashe Chanoine, kashegari, ran 17 ga wata, aka kashe Voulet a wajen Maijirgi. Sauran hafsoshi suka ci gaba, suka karya rundunar Damagaram a Tirmini a ƙarshen Yuli, aka kashe Sarki Amadu a watan Satumba, aka kuma sa wa barikin Damagaram sunan Cazemajou. Faransawa sun rama nasu ke nan a fili. Mutanen Ƙonni da sauran ƙauyukan da aka ƙone kuwa babu kotun da ta saurare su.

A nan ne labarin baka ya karɓi shari'ar. Daga karon Lugu zuwa mutuwar Chanoine wata uku ne cif. Masu tarihin Faransa sun ba da dalilansu, wasu ma suka ɗora laifin ga zafin rana da suka ce ya taɓa hankalin hafsoshin, hujjar da ba ta da ƙarfi, domin an yi kisan ne da tsari da umurni tun daga makonnin farko. Amma a bakin jama'a bayanin ya fi wannan sauƙi: sun taɓa Sarauniya, asirinta ya juya musu hankali har suka cinye junansu. Daɗin daɗawa, an ba da labari cewa a 1923 Robert Delavignette, wanda ke mulki a Tasawa, ya sa aka tone kaburburan hafsoshin biyu a Maijirgi, aka tarar babu kowa ciki. Daga nan jita-jita ta yaɗu cewa Voulet bai mutu ba, ya shige hamada ne. Ga laifi, ga mai bin sawu, ga ƙauyen da ke da tsafi, ga kabari wayam. Marubuci ba ya bukatar ƙara kome.

Su ma iskoki sun karɓi baƙi. A 1925, a ƙasar Kurfai ta wajen Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana masu kamannin sojoji da hafsoshin Nasara, waɗanda ake kira Babule ko Hauka. Kumandan Croccichia ya kama masu yin wannan bori ya tsare su a Yamai, ba a daɗe ba shi ma ya zama ɗaya daga cikin iskokin, da sunan Kumandan Mugu.

Jigon a rubuce

Lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai a 1933, littattafai biyar suka fito daga cikinta: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Na ƙarshen, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, shi ne kakan wannan reshe a rubutaccen zube. Wani attajiri, Malam Shehu, wanda bai taɓa haihuwa ba, ya yi amfani da dukiyarsa ya auri Zainabu, yarinyar da wani saurayi talaka, Abubakar, yake nema. Abubakar ya rantse sai ya rama. Ya bar gida ya yi ta yawo daga malami zuwa boka, ya shiga dazuzzuka, ya sha wuya har jikinsa ya nakasa, kafin ya sami asirin da yake so. Asirin bai faɗa kan Malam Shehu ba, ya faɗa kan ɗan da Zainabu ta haifa masa, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawon da ba ya jin magani, har wata rana cikin dare ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Da ya gane abin da aka yi masa ya fita neman Abubakar domin shi ma ya rama, sai ajali ya riga shi.

Abin da ya sa wannan ɗan littafi ya fi ƙarfin girmansa shi ne, Malam Shehu bai karya wata doka ba. An biya sadaki, an ɗaura aure bisa shari'a, in da Abubakar ya je gaban alƙali da ba shi da abin faɗi. Zaluncin yana nan, amma irin wanda kotu ba ta gani ne. Marubutan kuma ba su goyi bayan mai ramuwa ba ko kaɗan, domin sun bar shi ya ƙare a wulaƙance, wanda ya fi shan azabar kuwa yaro ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Akwai rauni a littafin, musamman yadda aka gaggauta ƙarshensa, amma tsarin ya zauna: nesa da gari, can inda ikon sarki da na alƙali ba ya kaiwa, nan ne ake zuwa ɗebo ƙarfin da za a rama da shi.

A Nijar, wanda ya mayar da abin da ya faru a 1899 littafi shi ne Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya gabas da Gure a 1932, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba wanda ya sha gudun hijira da kurkuku. Littafinsa Sarraounia ya fito da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Mamani ya ɗauki bayanin da jama'a suka riga suka yi ya ba shi sura: Lugu ƙauye ne da maƙwabtansa Musulmi suke tsoro suna kuma rainawa, tsoron nan kuwa shi ne ya shiga zukatan sojojin ayarin ya wargaza su. Masu tarihi sun nuna cewa ya girmama yaƙin fiye da yadda takardun lokacin suka nuna, amma littafin labari ya rubuta, kuma bayan fitowarsa ne sunan Sarauniya ya bazu ko'ina cikin ƙasa.

Shekara biyu bayan haka, a 1982, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, mutumin Katsina, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayyar Nijeriya ta shirya. A nan ne laifi irin na zamani ya shigo sosai: bindigogi, da miyagun ƙwayoyi, da ƴan ta'adda da tsofaffin sojojin da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bari ba aikin yi. Tauraron, Mailoma, Bamaguje ne daga wani keɓaɓɓen ƙauye mai tsafi da ake kira Tsaunin Gwano, kuma ƙullin ramuwa ne yake tafiyar da shi. Sai dai alkiblar tafiya ta juya. Abubakar na Jiki Magayi ya bar gari ne ya shiga daji ya ɗebo sharri ya kawo gida. Mailoma kuwa a birni da bariki ya tara nasa sharrin, sa'an nan ya juya da shi zuwa ƙauyen da aka haife shi, kamar yadda ayarin Voulet ya zo wa Lugu daga waje.