Wanda Ya Fara Gano Sararin Sama Na Faɗaɗa, da Faransanci Ya Rubuta

In ka tambayi ɗalibin kimiyya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai wa ya gano cewa sararin samaniya na faɗaɗa, mai yiwuwa ya ce maka Edwin Hubble, a 1929. Ni kuwa ina ganin labarin ya fi haka tsawo.

A 1912 Vesto Slipher, a Arizona ta Amurka, ya auna hasken gungun taurarin Andromeda, ya ga yana kusanto mu da gudun kilomita kusan 300 a daƙiƙa. Da ya auna wasu, sai ya tarar yawancinsu nisanta suke yi, haskensu ya karkata zuwa ja. Kamar ƙarar babur ce a gadar Kennedy: tana sirancewa in yana zuwa, ta yi kauri in ya wuce.

Wanda ya fassara wannan shi ne Georges Lemaître, limamin coci kuma masanin lissafi ɗan Beljiyam. A 1927 ya nuna cewa gungun da ya fi nisa ya fi saurin nisanta, domin sararin da ke tsakani ne ke miƙewa. Ka dubi ƙullun fanke da aka barbaɗa wa riɗi: in ya kumbura, kowace ƙwaya na nisantar sauran, alhali ba wadda ta tashi daga wurinta. Shi ya sa ganin kowa na nisantar mu bai sa muka zama cibiya ba. Daga ko'ina aka duba, haka za a gani.

Sai dai da Faransanci ya rubuta, a wata mujallar Brussels da ba a cika karantawa ba. Hubble ya buga nasa da Turanci bayan shekara biyu, suna ya bi shi. Sai a 2018 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta amince a riƙa cewa dokar Hubble da Lemaître.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. In Faransanci ya iya binne aiki irin wannan, ina ga Hausa da Zabarmanci? Masananmu na jami'a su riƙa buga bincikensu inda duniya ke karantawa, mu kuma masu rubutu mu dawo da shi gida cikin harshen da yaro zai gane.