Hanyoyin hana allurar garmaho rinjaya zuwa tsakiyar faifai

Duk hannun allura mai juyawa a kan ƙusa ɗaya yana da ɗabi'ar karkata zuwa tsakiyar faifai. Dalili kuwa shi ne an ɗan lanƙwasa kansa domin allura ta zauna daidai a cikin tsagi, don haka gogayyar da ke tsakaninta da faifai take jan hannun ciki. Idan aka ƙyale shi haka, allura za ta riƙa danne bangon tsagi na ciki, ta sassauta wa na waje. Daga nan sai sauti ya soma ƙarƙara a lasifikar dama, allura da faifai kuma su cinye ta gefe guda.

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce ta zare da ɗan nauyi, irin wadda ke jikin hannun SME 3009 na Ingila. Nauyin yana reto, yana jan hannun waje, mai na'ura kuma yana matsar da zaren daga wannan gurbi zuwa wancan. Babu abin da ke gajiya a ciki, ko da yake ɗan nauyin kan ɓace, musamman a na'urar da aka saya gwanjo.

Kamfanin Technics na Japan ya zaɓi sifirin a samfurin SL-1200MK2 na 1979, tare da ɗan maɓalli mai lamba 0 zuwa 3. Murɗa shi ba wuya, amma sifirin da ya shekara arba'in ba lallai ne ya cika abin da lambar ta faɗa ba. Shi kuwa Rega maganaɗisu ya sa a hannunsa RB300 na 1983, inda babu abin da ke gugar wani.

Sai dai duk cikinsu babu mai kashe matsalar ƙurmus, domin ƙarfin janyewar yana sauyawa gwargwadon ƙarar waƙa, da siffar allura, da inda ta kai a kan faifai. Masu hannu miƙaƙƙe da ke tafiya a kan layi, kamar Beogram 4000 na 1972, su ne suka kauce mata tun daga tushe.

Wajen saiti, a fara da daidaita lambar da nauyin da allura ke saukewa: giram 2, lamba 2. Gwaji a kan faifai marar tsagi yana yaudara, saboda a nan tsinin allura kaɗai ke taɓawa, ba gefunanta ba. Gara a sa waƙa mai ƙarfi a kasa kunne: in dama ce ke ƙarƙara a ƙara, in hagu ce a rage.